Shirun da Injiniya Uwais Ya Roƙa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 17 ga watan Yuni, 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Injiniya Uwais Dikko a nan Doha. Ciwon ƙirji ne ya kama shi a ɗakin gwajinsa na jami'a, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ina tuƙi a titin bakin teku aka kira ni. Na gangara gefe na tsaya, fasinjana yana ta cewa yalla, wato mu tafi, ni kuwa na kasa ko sa giya.

Injiniya, ni Shamsu direba ne, kai malamin jami'a, amma ba ka taɓa bari na ji wannan tazarar ba. Ranar da ka fara shiga motata ka ji Hausar Gombe a bakina, sai ka dawo kujerar gaba. Da matata ta kwanta asibiti a gida, kai ka tsaya har kafil ɗina, wato ubangidan da takardun aikina ke hannunsa, ya sake ni na tafi. Ban taɓa jin ka tayar da zancen a gaban kowa ba.

Mutane sun san ka da aikin iskar gas, amma zuciyarka tana cikin ramukan kwal na ƙauyenku. Kana ƙarami rami ya rufta da mahaifinka. Aka yi tono aka gaji, aka yi masa sallah a bakin ramin, aka watse. Ka ce mini abin da ya hana ka sukuni tun daga lokacin shi ne, ba wanda ya san ko yana da rai sa'ad da ake sallar. Wannan ne ya sa ka ƙera na'urarka ta saurare: ƙusoshin ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, da wayoyi zuwa wani akwati, da abin sawa a kunne. In wanda ƙasa ta rufe ya buga dutse a jikin shebur, akwatin zai ji, ya nuna ɓangaren da za a tona.

Safiyar Juma'a mukan tafi sahara a bayan Al Wakrah. In yi nisa in riƙa dukan rodin da ka kafa, kai kana tsugune kana saurare. Nakan ce maka, "Injiniya, a ce na baro gida na zo har Katar don in daki ƙasa?" Kai kuma ka ce, "Malam Shamsu, daka dai da kyau, wannan dukan naka ko kaza ba zai tada ba." A can komai yana tafiya daidai, domin sahara ba ta da hayaniya. Mu biyun ba wanda ya lura da hakan.

Daminar bara ka je hutu da akwatin, sai rami ya rufta da wani matashi mai suna Mubarik. Mutanenmu suka yi abin da suka saba, abin da ni ma da ina nan zan yi. Gari duka ya taso. Maza da fartanyu da diga, mata da kuka da salati, babura suna ta zuwa, wani ya kawo janareta. Ka kafa ƙusoshinka, ba ka jin komai sai ƙafafun jama'a. Ka roƙe su su yi shiru, su daina tono na ɗan lokaci. Wani dattijo ya ce maka, "Yaro, mutum na ƙarƙashin ƙasa, ka ce mu zauna?" Aka ci gaba da tono ta gabas, ashe yana ta yamma. Da aka kai gare shi ya riga ya cika, da dutse a hannunsa, bayan sheburinsa duk ya lotse.

Ka dawo Doha ka rame. Na yi zaton za ka yi fushi da su, har na fara taya ka, sai ka tsayar da ni. Ka ce ƙauna ce ta kawo su, ba za ka zagi wanda ya zo ceto ba. Daga nan ka rage taɓa wayoyin, ka koma kiran limamin ƙauyen. Kana so duk ranar da rami ya rufta, ya ɗauki lasifikar masallaci ya sa kowa ya zauna, a kashe injuna, a janye iyaye mata nesa. Liman ya amince, amma da sharaɗi: sai kana wurin da kanka, don shi ba zai iya kallon uwa ya ce ta yi shiru ba, alhali bai san karatun akwatin ba. Ka yanki tikitin tafiya gida a wata mai zuwa. Ba ka riga ka koya wa kowa ba.

Jiya ƙanenka Ghali, wanda har yau da haƙar kwal yake ciyar da iyalinsa, ya kira ni daga gida. Ina jin ruwa yana zuba a kan kwano a bayan muryarsa. Ya ce ƙasa ta jiƙe, bangon raminsu ya fara tsattsafo, amma gobe za su shiga, domin babu hatsi a gida. Sannan ya ce, "Yaya Shamsu, wa zai kawo akwatin?" Hajiya Haulat, matarka, ta riga ta ba ni shi, yana ɗakina a Al Rayyan. Na nemi izinin tafiya, kafil ya ce sai ƙarshen shekara. Ko na tafi ma, ni dukan rodi kawai na iya, sauraren naka ne. Wallahi tsoro nake ji, Injiniya. Duk kiran da ya shigo daga Najeriya sai gabana ya faɗi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya haɗa ka da mahaifinka a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Haulat, da 'ya'yanka Sauda da Umar Faruq, da dukan iyalan Dikko, Allah Ya ba su haƙuri. Ghali kuwa, da duk waɗanda za su shiga rami tare da shi gobe, ya Allah Ka riƙe ƙasar nan a kansu, Ka fito da su da ƙafafunsu. Amin.