Jar motar Yaya Sanusi ta kulle ni a rana

'Yan uwa, yau saura ƙiris in mutu a cikin mota, kuma tana tsaye a ƙofar gidanmu!

Ina danna maɓallin ƙofa na ji shiru. Na sake dannawa, shiru.

Yaya Sanusi ne ya sayo wata jar motar tsere ta hannu, ya kawo a sa albarka. Na shiga ciki don ɗaukar hoto, na ja ƙofa ta rufe. Ashe batirinta ya mutu, ƙofofin kuwa da lantarki suke buɗewa. Ga ranar azahar, gilasai duk a rufe!

Yaya ya kira dillalin, ya ce wai in ja wani ƙarfe a ƙasan kujera. Na laluba har na gaji, ban samu ba. Hijabina ya jiƙe sharkaf, numfashina ya fara sarƙewa.

Maƙwabcinmu Malam Iro ya ce, "A fasa gilashin mana!"

Yaya ya ce, "Don Allah ku dakata, ko a Kano ba a samun irinsa!"

Wallahi ina jin sa.

Sai ga Innarmu da taɓarya. Ta ce, "Matsa, Sanusi. Ita ƙanwarka a wace kasuwa ake samun irinta? Hadiza, rufe fuskarki!"

Tas!

A asibiti na farfaɗo, ana mini ƙarin ruwa. Na gaji tiɓis. Sai ƙarfe biyar da rabi nas ta cire allurar, ta ce, "Kin tsira, 'yar nan. Je ki gida ki kwanta."