Flas ɗin Khalida

Ranar an tashi da zafin bazara, irin wanda kwalta kan yi laushi, ga shi ko iska babu.

Khalida 'yar Malam Kaumi ce, mai awon wake a unguwar Yerimaram. Ciwon ƙoda ya ɗauke baffanninta tun tana ƙarama, shi ya sa ta kafe wa karatu har ya kai ta wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Aikinsu can, a ɗauki 'yar fatar mai ciwo, a raine ta har ta zama kamar ƙaramar ƙoda, sai a zuba ido a ga ta inda cutar ke shiga.

Da ciwon ya kwantar da mahaifinta, ta zo gida. Likita ya yanki fatarsa kamar ƙwayar dawa, aka sa a kwalba, aka sa kwalbar a flas mai ƙanƙara, don ta tafi da ita ɗakin bincikensu. Abin kuwa ba ya jira, ba ya son zafi.

"Yanzu tafiya za ki yi, ki bar shi a haka?" in ji mahaifiyarta, Gumsu.

"Ƙyale ta," tsohon ya ce. "Ai tare za mu tafi. Je ki, uwata."

Zamanin ne da ake ɗaura wa mata bam. A ƙofar tasha 'yan sintiri suna caje kowa, ita kuma ta rungume flas a ƙarƙashin hijabi saboda rana.

"Ke, me kika ɓoye?" in ji Sajo, babbansu.

"Kayan asibiti ne, Yaya. Don Allah kar a buɗe a rana."

"Kar a buɗe? Jama'a, kun ji ta!"

Wani ya kwarma ihu, "Bam!" Tasha ta watse. Waɗanda suka dawo, da duwatsu suka dawo. Suka hau jifan ta, ta kifa ciki a kan flas, tana kare shi da hannu, har aka fizge shi aka rotsa.

"Af, ashe ƙanƙara ce!" Sajo ya ce. "Hajiya, a kan wannan kika so mutuwa?"

Wani ya tsinci guda ya jefa a baki. Kwalbar kuwa an tattake ta.

Malam Kaumi ya cika da la'asar. Kafin ta farfaɗo a asibiti an riga an kai shi makwancinsa.

Ba ta koma ƙasar waje ba, don jifan ya nakasa hannunta na dama, ba ya riƙe ƙaramin abu. Tana nan Yerimaram, tana tsaron wani kemis.