Ajin da Ba Shi da Baya

Mun tashi da asuba daga Matameye ranar Asabar, ni da wata abokiyar aikina a kan kabu-kabu ɗaya, kuma ba zan ɓoye muku ba, da fushi na hau. A makon ne daraktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantarmu, ya shigo ajina ya tarar na juya teburan yara suna fuskantar juna, rukuni-rukuni. Ya ce aji ba kasuwa ba ne, in maida su sahu kafin Litinin ko ya karɓe ajin ya ba wani. Yaran nan tun ba su iya riƙe alli ba nake tare da su. Shi ya sa da na ji labarin wani mushe, wato malamin makarantar boko, a wani ƙauye gaba da Kurni, wai ajinsa ba shi da baya, na ce sai na gani da idona.

Muna barin kwalta rairayi ya karɓe mu. Mai babur ya yi ta sauke mu muna takawa da ƙafa, amma kuɗinsa ko kaɗan bai sauka ba. Mun ratsa fadamun rake, mun tsaya a Kurni mun sha kunu da ƙosai. Ƙosansu ya fi namu girma, wannan kam na yarda.

Mun sami mushen yana ƙarin darasi. Ajin zana ne, irin wanda iyaye ke kafawa duk shekara bayan kaka. Bana da samari suka tafi cin rani Najeriya, sai ya roƙi tsofaffi da mata su kafa masa shi a zagaye kamar bukka. Yara na zaune kan tabarmi, kowa na ganin fuskar kowa. An rataye ƙananan alluna daidai tsayin yaro, an baƙanta su da garin tsohon batir da ƙaro. Ga ƙoƙuna cike da tsakuwa da ƙwallon dabino na lissafi. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya na tsaye tana gyara wa abokanta kuskure, har da riƙe ƙugu. Sai na tuna 'yan matan bencin baya na ajina, waɗanda ban san muryarsu ba sai da na juya teburan. Na ji ƙwalla ta zo mini.

Na ce, “Mushe, sufeton lakwal bai yi faɗa ba?”

Ya yi dariya. “Ya zo, Madam. Ya shigo yana neman bayan aji ya zauna kamar yadda suka saba, bai samu ba. Dole ya zauna cikin yara. Wata ta miƙa masa tsakuwa ta ce ya taya su.”

Matan garin ba su bar mu mun tafi ba sai da muka sha fura. Da la'asar muka iso gida, muka biya ta lakwal. Ashe darakta bai ma jira Litinin ba. Ya kawo kafinta ya jera teburan, ya bi ƙafafunsu da dogon katako ya buga ƙusa. Abokiyata ta ce in haƙura, aikin gwamnati ne. Ni kuwa na aro guduma a maƙwabta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ba rashin siminti ko fenti ke rufe bakin yaro ba, inda muka zaunar da shi ne. Mutumin da ba shi da ko bango ya gane haka, ni mai bango da rufin kwano ba ni da uzuri.

Gobe Litinin. Watakila ita ce ranata ta ƙarshe da yaran nan, kuma ina jin tsoro, ba ƙarya. Amma teburan suna zagaye. Ƙusoshin darakta na kan teburinsa, kujerarsa kuma na ajiye masa ita a tsakanin 'yan matan da a da suke baya.