Tafiretar da Na Ara Ban Mayar Ba

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda unguwarmu ta sani da Mai Tafireta, bayan ya yi wata huɗu a kwance da ciwon ƙodar da ya daɗe yana fama da shi. Ya rasu yana da shekara sittin da uku. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata uku, da wani ɗan shago mai faɗin tabarma biyu wanda har yau ba a sami mai ƙarfin zuciyar buɗe shi ba.

Ina aji a kwalejin fasahar da nake koyarwa, ina zana wa ɗalibai yadda wuta ke bin waya, babbar 'yarsa ta kira ni. Ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ajiye allin na fita, ko sallama ban yi wa ajin ba.

Yaya, tun daga ranar ake ta yabon ka. Waɗanda ba su taɓa tsayawa su ji ƙarshen gaisuwarka ba, su ne yanzu ke rantsuwa cewa ba a yi mai basira irinka ba. Da ina da bakin zagin su da na zage su. To amma ina cikinsu, kuma ni ne a sahun gaba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A aji biyu na sakandare ka bar karatu, shekarar da mahaifinmu ya rasu, don ni in ci gaba. Ka koyi gyaran tafireta, ka yi shekara ashirin da biyu kana yin sa a wata babbar ma'aikata. Na tuna ɗakin nan mai tsawo, injina arba'in a jere, mata suna ta bugu kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Kai kuwa a cikin wannan hayaniyar kake rarrabe muryar kowace. Wata rana muna wucewa ta bayan taga ka tsaya cak, ka leƙa ka ce wa shugabarsu, "Ta uku daga ƙofa, sifirin ɗin da ke ja mata haruffa ya kusa tsinkewa." Ta yi dariya ta ce kai da duba. Kafin a tashi aiki ya tsinke.

Da kwamfuta ta zo, ba wanda ya tambaye ka ko za ka iya koyon ta. Takarda kawai aka miƙo maka. Ka kawo ta gida ka nuna min, kana murmushi, ka ce in dubi harafin "r" yadda ya ɗingisa. Da injin da ka sa wa mai a makon aka buga takardar sallamarka. Sauran injinan aka jibge su bayan ban ɗaki, ruwa ya dake su damina guda, sannan aka kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ka bi kurarsu a ƙafa har inda suke auna kaya, ka ceto goma sha ɗaya.

Kana da shekara hamsin ka fara koyon lantarki, da tsofaffin littattafaina da na watsar a ɗakin ajiya. Sai ka zo gidana da 'yar takarda cike da tambayoyi, ka zauna a bakin kujera kamar ɗalibi. Ni kuma ina amsa maka da rabin baki, idona na kan waya. Kana kira na Injiniya a gaban mutane, kana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

Maƙwabcin shagonka wani tsohon tela ne, kowa na ce masa Baba Tela. Tsufa ya toshe masa kunne gaba ɗaya, idonsa kuma ba ya iya tsintar ƙananan haruffan waya. Ɗansa tilo yana aiki a wata ƙasa mai nisa. In ɗan ya kira, sai tsohon ya kara wayar a kunne yana ta cewa "Na'am, na'am," alhali bai ji komai ba. Ganin haka ne ya sa ka ciro mafi lafiya a cikin injinan da ka ceto, ka ce za ka koya mata magana da kwamfuta.

Shekara guda da wata biyu ka yi a kanta. Maɓallai arba'in da huɗu, kowanne ka ja masa tasa wayar ka liƙe da dalma, ta yadda in an danna harafi saƙonsa zai tafi. Ƙarƙashin kowane maɓalli kuma ka naɗa siririyar waya wadda in wuta ta shige ta sai ta zama maganaɗisu ta fizgo harafin, ya bugi takarda ba tare da hannun kowa ba. Duka ka haɗa su da wani ɗan allon lantarki da bai fi kwalin ashana ba. Injin ba shi da haruffa masu ƙugiya, sai ka zauna da ɗan zarto da tabarau biyu a hanci, ka yi wa "k" da "d" da "b" nasu ƙugiyoyin, ka ce ba za ka bar tsoho ya rubuta wa ɗansa "kasa" yana nufin "ƙasa" ba. Gwajin farko injin ya kama harafin "g" ya yi ta bugu ba tsayawa har fis ɗin wuta ya tashi, tartsatsi ya babbake maka gefen gemu. Matarka ta leƙo ta ce, "Malam, in aski kake so ai sai ka faɗa, akwai almakashi a ɗaki."

Ina wurin ranar da tafiretar ta fara aiki. An zaunar da Baba Tela gabanta, an saka farar takarda. Can sai maɓallan suka fara nutsewa da kansu. Tsohon ya yi baya da kujera yana neman tsari. Ka dafa kafaɗarsa ka nuna masa takardar. Manyan baƙaƙe, ga su nan: "Baba, ina wuni? Ni ne." Ya karanta ya sake karantawa, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya miƙe yatsa ɗaya, ya yi kusan rabin awa yana farautar haruffa. Da muka duba abin da ya aika, sai muka ga: "Yaushe za ka yi aure?" Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa. Tun daga ranar kullum da safe ƙararrawar injin sai ta kaɗa a shagonsa. Takardun kuwa ba ya yar da ko ɗaya, yana tara su ya bi gefensu da keken ɗinki, har suka zama littafi.

Nan alherinka ya tsaya, nawa aikin ya fara.

Kwalejinmu ta shirya baje kolin ƙirƙira, sashenmu kuwa ba shi da abin nunawa sai ƙura a kan kabad. Ni na buɗe baki na ba shugaban sashe labarin injin. Ni na zo shagonka na ce a ara mana na kwana uku. Ka ce, "Ba tawa ba ce, Injiniya, ta Baba Tela ce. Je ka tambaye shi." Na rubuta wa tsohon a takarda. Ya duba, ya dube ni, ya karɓi biro ya rubuta: "Kwana uku ba yawa."

Ranar baje kolin na tarar an ɗora mata kati: ƙirƙirar sashen lantarki, ƙarƙashin jagorancin shugabansa. Sunana na ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Naka babu. Ka zo da wankakkiyar rigarka, maigadi ya tsare ka a ƙofa don ba ka da katin gayyata. Ka kira ni sau biyu. Na ga kiran, na kife wayar a aljihu, domin a daidai lokacin babban baƙo ya iso teburinmu. Ya ga injin na bugu da kansa, ya riƙe baki ya ce, "Wa ya haɗa wannan?" Shugaban sashe ya ce, "Aikin sashe ne, ranka ya daɗe." Baƙon ya juyo ya dube ni, na gyaɗa kai.

Mu muka zo na ɗaya. Washegari mai kula da kaya ya zo da fenti ya rubuta mata lamba a gindi, ta zama kayan kwaleji. Aka ce ba ta fita sai kwamiti ya zauna. Na rubuta takarda ɗaya ta neman a sake ta, mai laushi, wadda ba za ta ɓata wa kowa rai ba, don a lokacin sunana na gaban masu ƙarin girma. Shekara uku ke nan kwamitin bai zauna ba. Ƙarin girman kuwa na samu.

Wata biyu bayan baje kolin, ɗalibai suka yi ta danne-danne har tafiretar ta tsaya. Duk digirorin da ke sashen aka rasa mai tada ta. Shugaban ya ce min, "Kira mana makanikin nan naka." Na kira ka, kuma ka zo. Ta ƙofar baya aka shigo da kai. Ka durƙusa gabanta da filaya da sukudireba, kafin azahar ta kama bugu. Ka goge hannu ka ce, "To, yanzu zan iya tafiya da ita?" Mai kula da kaya ya juya ta ya nuna maka lambar. Muka fito tare har bakin titi. Nan ka ce, "Ƙanena, ni kati bai dame ni ba. Tsohon nan ne. Kullum sai ya leƙo shago ya ɗaga min yatsu uku."

Ka fara haɗa masa wata. Amma ciwon ya riga ya fara cin ka, hannu na rawa, dalma na zuba inda ba a so. Ka kai maɓalli na goma sha tara Baba Tela ya rasu, wata takwas bayan na ɗauke injin. Shafin ƙarshe na littafin da ya ɗinka yana ɗauke da kwanan watan ranar da na zo aro.

Ba ka sake tada maganar ba. Da ka zage ni da na sami sauƙi. Ka ci gaba da zuwa duba 'ya'yana, kana gyara musu fanka da rediyo, kana kira na Injiniya kamar da, ni kuma kowane kira sai in ji kamar an ɗora min garwashi. A asibiti, kwana biyar kafin rasuwarka, na sami ɗakin ba kowa, na matso na ce, "Yaya, maganar injin nan..." Ka ɗaga hannu ka ce, "Bari, Injiniya. Miƙo min ruwa." Na miƙa maka. Har yau ban sani ba ko yafewa ce, ko gajiya.

Shugaban sashe ya zo gaisuwa da tawagarsa. Bayan addu'a ya gyara murya ya ce marigayi mutumin kirki ne, ya taɓa taimaka wa sashensu da 'yan gyare-gyare. Babbar 'yarka na tsaye a bakin ƙofa da butar ruwa. Ta ce, "Gyare-gyare, ranka ya daɗe? A shagon can aka haifi injin nan, waya bayan waya. Ga Baffa nan, a tambaye shi." Duk idanu suka dawo kaina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah Ya jiƙansa." Ta ajiye butar ta shige ciki.

To ga amsar da na hana ta. Tafiretar da ke cikin akwatin gilashi a ƙofar sashenmu, yayana ne ya ƙirƙire ta daga farko har ƙarshe, shi kaɗai. Ba malami ko ɗalibin da ya liƙa mata waya ɗaya. Ni ban sa mata komai ba sai sunana. An yi ta ne don wani kurman tsoho ya riƙa jin ɗansa, muka raba shi da ita har ya mutu. Na aika kwafin wannan rubutu ofishin shugaban kwaleji da sa hannuna. Abin da za su yi da ni su ya dama. Na kuma san gaskiyar da aka faɗa bayan an rufe kabari ba ta da tsada.

Ya Allah, Ka jiƙan yayana, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka saka masa da mafificin alheri kan kowane harafi da ya isar tsakanin uba da ɗa, Ka haɗa shi da iyayenmu da maƙwabcinsa Baba Tela a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta yi shekara talatin da biyar tana share guntayen waya ba ta taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yansa uku da jikokinsa, da ƙanwarmu, da tsofaffin abokan aikinsa. Ina kuma yi wa ɗan Baba Tela ta'aziyya, wadda na kasa yi masa a kan lokaci. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare bayansa. Ku nake roƙo ku yafe min, domin wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.