Faifan Bahaguwa

Ku matso nan, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidana aka yi ta, da raina da lafiyata.

Ni ban yi boko ba, allo ma kaɗan na taɓa. Abin da na taso da shi daga Rurum Tsohon Gari shi ne ɗinkin faifai. A wurin mahaifiyata na koya, ita kuma a wurin tata. A gidanmu ba a kai yarinya ɗakin miji sai da faifan da hannun gida ya ɗinka, mai ado baƙi da ja a bakinsa, wanda muke ce wa sawun zabo. Da shi na zo Kibiya, da shi na kai 'ya'yana mata ɗakunansu.

To, shekarar da aka sa ranar babbar jikata, sai yanar ido ta rufe mini gani. Ina gane mutum, hannuna kuma bai manta hanya ba, amma baƙi da ja sun zama ɗaya a wurina. Cikin 'ya'yana kuwa babu wadda ta riƙe ɗinkin. Uwar amarya, wato babbar 'yata da ke aure a Rano, ta ce, "Inna, ki huta wa ranki. Ranar kasuwa sai a sayo." Na ce, "Na kasuwa murfi ne kawai." Abin ya tsaya mini a rai. A kaina za a fara fitar da amarya babu sawun zabo?

Da aka yi hutun makaranta na damina, na ce a kawo mini ƙannen amarya su uku. Aka sauke su a kan babur. Na sa aka jiƙa kaba, maƙwabciyata ta rina mana, na ba kowa basilla. Na jera su a gefena ƙarƙashin rumfa, na fara nuna musu cibiya, inda faifai ke somawa ya dinga zagaye kansa.

Babbarsu akwai zafin hannu. Ta yi ta ja da ƙarfi har nata ya lanƙwashe. "Kaka, nawa fa ya zama hula!" Na ce, "Madalla, ki ajiye wa angonki, idan an samu mai ƙaramin kai." Ta tsakiya kuwa basilla ta soke ta sau ɗaya, ta koma kan wayar da ta zo da ita.

Saura ƙaramar. Ita bahaguwa ce, an kuma saba kwaɓarta a kan hagun, saboda haka da dama take fama. Idan ta faki ido ta mayar hagu, sai ta rikice, don ni ina tafiya nan, hannunta yana son can. Yayyenta suka sa ta gaba: "Bahaguwa, naki baya da baya yake tafiya!" Na ji numfashinta ya sauya, irin na mai haɗiye kuka.

Na ce, "Ƙawata, taso daga gefena. Zauna a gabana, gwiwa da gwiwa. Riƙe basillarki da hannun da Allah ya ba ki. Hannuna da ke fuskantar naki, shi za ki bi."

Damata ta fuskanci hagunta, kamar mai duba madubi. Na soka, ta soka. Na ja, ta ja. Can na miƙa hannu na shafa nata, na ji ɗinki ya kwanta sumul. Da muka zo baki, ni ke faɗa, ita ke gani: nan baƙi, nan ja, nan ki tsallake.

Muna cikin haka uwarsu ta zo ɗaukarsu. Ta tsaya a kanmu. "Inna, da hagu? Faifan amarya ne fa!"

"Da hagu take cin tuwo?"

"A'a."

"Da hagu take miƙa wa manya abu?"

"A'a, Inna."

"To, basilla ba tuwo ba ce. Ki bar mini ita sai ta gama."

Ranar jere, ƙanwata ta zo daga Rurum. Ta ɗauki faifan ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce, "Yaya, sawun zabo ne, babu ko shakka. Amma zabon nan ai gida ya nufo, ba daji ba." Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "Hannun jikata ne, ga ta can." Na faɗa da ƙarfi, don na bakin ƙofa ma su ji.

Amarya tana ɗakinta, faifan yana rataye a bango, ta hana kowa shiƙa da shi. Mai hula ta koma ɗinkin keke, an ce can zafin hannunta ya yi rana. Mai waya ita ta ɗauki hoton faifan ta tura wa dangi. Uwarsu ta daina kwaɓar hagu. Ni an yi mini aikin ido ɗaya a Kano, na ga sawun zabon da idona. Bahaguwa kuwa duk hutu tana nan, yanzu ita ke zaunar da ƙanana a gabanta, gwiwa da gwiwa.