Ruwan da na tsiyaye wa Dakta

Ina da shekara arba'in da 'yan kai na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kurudu, kuma takardar da aka ba ni a can ce ta sama mini aikin shara a wani ɗakin bincike da ke gefen Utako. Gwaji ne na wata uku. In sun ga hankalina su riƙe ni, in ba su gani ba in koma sayar da koko da ƙosai a bakin titi, inda hayaƙi ya riga ya cinye mini rabin ido. Ba ni da niyyar komawa ko kaɗan.

Ɗakin da aka ba ni na wata Dakta ne, siririya mai tabarau, wadda a haife na haife ta. Ba Daktar allura ba ce, ta haɗa sinadarai ce. A satin farko ta kama ni ina leƙen wata kwalba.

Ta ce, "Mama, kin san gishiri?"

Na ce, "Dakta, tun ba a haife ki ba nake zuba shi a miya."

"To wannan ma gishiri ne."

Abin da ke cikin kwalbar kamar zuma yake, yana bin gefe a hankali. Ta ce babu ko ɗigon ruwa a cikinsa, shi dai haka Allah ya yi shi, ba ya daskarewa. Na ce gishirin da ya kasa tsayawa da ƙafarsa ai malalaci ne. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ce in tsaya in ga aikin malalaci.

Ta yagi auduga ta jefa a ciki, ta ɗora a kan wani ƙaramin murhun lantarki, abin yana juya kansa. Kafin in gama goge tagogi auduga ta ɓace. Ba ƙonewa ta yi ba, narkewa ta yi, kamar sukari a shayi. Da ta tsiyaya shi cikin ruwan sanyi, sai ga audugar ta dawo, fara fat, mai laushi kamar talge. Ta ce burinta wata rana karan dawa da buntun shinkafa da ake cinna wa wuta a gona su zama zare da leda mai ruɓewa a ƙasa. Duk ta gaya mini wannan. Abu guda ta manta: inda gishirin yake zuwa bayan audugar ta fito.

Wata Litinin, saura sati biyu gwajina ya ƙare, na shigo da sassafe na tarar da manyan kwalabe uku masu faɗin baki a kan tebur. Tun Juma'a ta bar su. Farin abu ya kwanta lif a ƙasa, ruwa garau a sama.

Shekara ashirin ina yin gasara. Duk macen da ta taɓa jiƙa gero ta san in ƙullu ya kwanta, tsiyaye ruwan sama ake yi, in ba haka ba ya yi tsami. Na tsaya na riƙe ƙugu na ce, Allah sarki 'yar boko, an yi karatu har ƙasar waje amma ba a san wannan ba. Na sa safar hannu, na karkata kwalba ta farko a hankali. Wallahi ko ƙwayar farin nan ba ta biyo ruwan ba. Uku duka na yi musu haka, har na goge bakinsu.

Ruwan kuma ban zuba shi a kwata ba. Wanda yake sayen ruwa wajen 'yan kura a Kurudu ba ya zubar da ruwa mai kyau. Na juye a bokitin goge-goge, na barbaɗa garin sabulu, na kama baranda. Na kai rabi na lura tayil ɗin ya ƙi bushewa, sai wani sheƙi yake yi kamar an shafa masa man gyaɗa.

Ana haka Dakta ta iso. Ta shiga ɗaki. Can ta leƙo.

"Mama, ruwan da ke kan waɗannan fa?"

"Na tsiyaye miki. Ba sai kin gode ba."

Ta dubi bokiti, ta dubi tsumma, ta dubi baranda tun daga ƙofarta har bakin ofishin Oga. Sai ta zauna a ƙasa, da farar rigarta da komai.

"Inna lillahi. Mama, gishirin yana cikin ruwan. Duk wanda nake da shi ke nan. Daga waje ake kawo shi, sai an yi watanni ana jira. Auduga kuwa ko a kasuwar Utako sai in cika buhu."

Wato na riƙe mata dusa na zubar da tsaba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "To ke ma wa ya ce ki bar abin duniya a buɗe ba murfi?"

Ta tashi ta duba hannuwana gaba da baya, ta sa na wanke su sau uku duk da safar da na sa, sannan ta ce a kawo duk wani tsumma mai tsabta da ke ginin. Muka durƙusa ni da ita muna tsane baranda muna matsewa a bokiti.

A haka Oga ya same mu, shugaban ma'aikata, mai tumbi da takalmi mai ƙyalli. Taku biyu ya yi santsi ya kwashe shi, Allah ya so ya cafke ƙofa. Da ya ji labari, ya nuna ni da makullin mota, da irin Hausarsa ta Abuja.

"Mama, kai ya gama aiki. Gobe kar ka zo."

Na miƙe da tsumma a hannu. Na ce, "Oga, na yi karambani, na yarda. Amma ba sata na yi ba, kuma ba ka ji ta bakina ba. Ko alƙali sai ya ji ɓangare biyu."

Dakta ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini ita zuwa Juma'a. Ita ta zuba shi, ita za ta taya ni fito da shi. In bai fito ba, ba zan hana ka ba."

Ya ce Juma'a, ba ƙari. Ya koma ofis yana bin bango.

Kwana huɗun nan na ga abin da ake kira bincike, kuma rabinsa aikin tsakar gida ne. Ruwan bokitin ya zama kamar na kududdufi, ga kumfa, ga ƙasa, har da gashin wani. Takardar tacewar Dakta sai toshewa take yi. Na ce ta bari, na je na sayo sabon ƙyallen tatar koko, muka fara bi da shi ta nan. Ta ce wannan ba ya cikin littafi. Na ce ta rubuta shi. Bayan nan ta zuba garin gawayi na musamman, ya shanye sabulu da dauɗa, muka sake tacewa.

Ranar Alhamis ta auno wani farin gari, ta ce shi ma wani gishirin ne, mai tsananin son ruwa. Ta zuba, ta girgiza, ta ajiye. Na ce yanzu gishiri ake ƙara wa gishiri? Ta ce in dai zuba ido. Sannu a hankali ruwan ya rabu gida biyu, kamar manja a kan romo. Sabon gishirin ya janye ruwa ya yi ƙasa da shi, malalacin nan namu ya taso sama shi da ɗan ruwan da ya rage. Na yi guɗa a ɗakin bincike, mai gadi ya rugo yana tambayar wa ya haihu.

Ba duka ya dawo ba. Abin da tayil ya sha ya tafi ke nan. Amma da ta ƙafar da ragowar ruwan ta jefa auduga, muka tsaya muna kallo, sai ga auduga tana narkewa.

Ranar Juma'a Oga ya ce ya ji, amma sai na rubuta takardar ban-haƙuri da hannuna. Ya ɗauka zan nemi wani ya rubuta mini. Na karɓi biro na zauna a gabansa, na rubuta da Hausa, layi huɗu, na ɗauki kusan rabin awa. Na ce na yi kuskure, ina neman afuwa, ba zan ƙara ba, kuma duk mai ajiye abu mai daraja ya riƙa faɗa wa mai shara. Dakta ce ta fassara masa, kuma ba ta tsallake layin ƙarshe ba. Har ta ce a ƙara sa hannunta a ƙasa, don layin nata ne.

Ya buga hatimi, ya ce an riƙe ni, da sharaɗi guda: kada in ƙara taɓa kowane ruwa a ginin nan sai na tambaya.

Na riƙe sharaɗin nan da hannu biyu. Kullum da safe in na shiga ofishinsa na ga ragowar shayin jiya a kofi, sai in tsaya in yi sallama.

"Oga, wannan na zubar, ko bincike ne?"

Ya yi wata guda yana amsawa. Daga baya ya fara wanke kofinsa da kansa.