Yinin Arfa a Ƙarƙashin Motar da Na Haɗa da Hannuna

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, yau ga nawa, sai dai ina roƙon a sakaya sunana.

A shekarun da abin ya faru ni bakanike ne a wata warsha, wato gareji, da ke unguwar Kudai, inda ake gyaran bas-bas ɗin alhazai. A nan Makka aka haife ni. Kakanninmu Kanawa ne da suka biyo ta Chadi da Sudan, suka yi aikin Hajji, ba su koma ba. Ina da mata da yara biyu, muna zaune a tsohon gidan mahaifinmu tare da yayana da iyalinsa. Gidan yana da hosh, wato fili a tsakar gida, da ƙofar ƙarfe mai buɗewa cikin lungu. Mutum ne ni marar hayaniya, daga warsha sai gida sai masallaci. Abu ɗaya ne ya shiga raina ya ƙi fita: wata irin mota da na fara gani a waya, daga baya na ga irinta ido da ido a wajen baje kolin motoci a Jidda. Tsohon yayi ce, ba rufi, kujera biyu kacal, gabanta a ƙasa, tayoyin baya masu faɗi, ga ƙaton inji a fili ba murfi yana ƙyalli. Masu ita da hannunsu suke haɗa ta. Na tsaya a gabanta har aka fara kwashe kaya, na dawo gida ina cewa a raina ai ni ma hannu gare ni.

Ba ni da halin sayen sabon abu, saboda haka tashlih ya zama kasuwata, wato filin da ake zubar da matattun motoci ana sayar da sassansu. A can na samo injin wata tsohuwar motar Amurka mai silinda takwas, da giyar wata a-kori-kura, da aksil ɗin baya na wata motar daban. Shasi da kaina na yanka ƙarfe na yi masa walda. Bodi kuwa daga murfin motoci da ƙofofinsu na buga shi da guduma, kujerun daga wata bas da aka yar na ciro su. Duk wannan a hosh ɗinmu. Igiyar shanya ta koma saman bene, yara suka daina ƙwallo a tsakar gida saboda tartsatsin walda, matata ta gaji da wanke baƙin mai a ƙafafunsu. Wadda ta fi shan wahalata ita ce maƙwabciyarmu da muke katanga ɗaya, wata tsohuwa 'yar Chadi da kowa ke kira Hajja, mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun gaji, kunnenta ɗaya ya yi nauyi. Da farko takan aiko a ce in rage bugu lokacin ƙailula. Nakan ce to, in yi shiru kwana biyu, in koma. Daga baya ta daina aikowa, haka ma sauran mutanen lungu. Kowa ya saba da ƙarar ƙarfe daga gidanmu.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun aikin bai yi rabi ba na san motar ba za ta taɓa hawa titi ba. Wani abokin aikina ya faɗa mini cewa motar da shasinta ba shi da lamba ba za a ba ta istimara ba, takardar da ba a tuƙi sai da ita. Sannan wata rana na auna faɗin tayoyin baya, na auna ƙofarmu, na tarar motar ta fi ƙofar faɗi. Na zauna a kan bokiti ina kallonta. Amma na riga na cika baki a warsha da majalisa, duk wanda ya gan ni sai ya tambaya yaushe za ta fito. Na riga na cinye wa iyalina hosh da ranakun Juma'a. In na tsaya, me zan ce na yi da shekarun? Sai na ci gaba, ba don ina jin daɗi ba. Kullum na fito da safe ita ce abin da nake fara gani, kamar mai jirana. Na daina son ta, amma na kasa rabuwa da ita.

Da Hajji ya zo, warsha ta tura kanikawa Muzdalifa su tsaya wa bas-bas, ni kuwa na nemi a bar ni, aka bar ni. Yayana da matanmu sukan koma unguwar Aziziyya a kwanakin nan wajen wata gwaggonmu, su dafa abinci su sayar wa alhazai, yara ma a can suke kwana. Na ga dama ta samu: gida ba kowa, ba mai cewa in rage bugu. Kafin su tafi matata ta roƙe ni kada in shiga ƙarƙashin motar sai yaya ya dawo, ta ce ranar Arfa ranar addu'a ce, ba ranar guduma ba. Na ce mata ɗan ɗaure-ɗaure ne kawai. Da suka fita na saka sakata ta ciki don kada wani ya dame ni.

Ƙarafan da muke tokare mota da su a warsha duk an loda su zuwa Muzdalifa, ni kuma ban taɓa sayen nawa ba, kullum aro nake yi. Sai na ɗaga bayan motar da jak, na cire tayoyin baya, na jera bulo na siminti da katako a ƙarƙashin shasi, na janye jak ɗin don yana tare mini hanya. Ni da ke hana sababbin ma'aikata yin haka a warsha. Ina azumin Arfa, da hantsi na kwanta rigingine na shige ciki don in ɗaure farfela, sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Wani noti ya yi gardama, na sa ƙarfina duka na ja sifana. Na ji bulo ya yi wani ƙas, kafin in motsa motar ta sauko.

Ƙarfen shasi ya sauka a kan ƙuguna, ya haɗa da hannuna na hagu. Abin da ya hana shi murƙushe ƙirjina taya ce da na cire na yar a gefe, gefen motar ya sauka a kanta. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ji iskar da ke shiga ba ta kai ta ihu ba, ɗan nishi kawai ke fita. Na tura da hannun dama, ko gezau. Wayata tana kan kujerar motar, saman kaina. Ta yi ta ruri, ina jin girgizarta a jikin ƙarfen da ya danne ni, na san matata ce, ba yadda zan yi. Inuwar katanga ta janye, rana ta sauka a kan ƙafafuna da ke waje, siminti ya yi zafi kamar tanda. Baƙin mai yana ɗiga kusa da kunnena. Harshena ya bushe ya manne.

Ta bayan katanga ina jin talabijin ɗin Hajja, alhazai suna talbiyya, daga baya aka fara huɗuba. Tana nan kusa, katanga ce kawai tsakaninmu. Sifanar tana hannuna, sai na fara buga ta a jikin shasi. Na buga, na huta, na buga. Ana cikin haka na gane abin da ya fi nauyin motar danne ni: wannan ƙarar ita ce wadda na shekara da shekaru ina koya wa mutanen lungu su yi banza da ita. Duk wanda ya ji zai ce mai motar nan ne ya fara. Na yi kuka ba hawaye. Can ƙafafuna suka daina ciwo, wannan ya fi ciwon tsorata ni. Na yi kalmar shahada, na roƙi Allah gafara, na ci gaba da bugu don ba abin da ya rage mini sai shi.

Bayan la'asar na ji ana dukan ƙofarmu da sanda. Muryar Hajja ce, a fusace.

"Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Ko yau ma, ranar Arfa, ba za ka bar mutum ya yi addu'a ba?"

"Hajja, mota ta danne ni," na ce, amma ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Ba ta ji ba. Ta ci gaba da faɗa, ta ce tun ina ƙarami ba a san ni da rashin kunya ba, ta ce za ta haɗa ni da yayana. Sai na ji jan takalminta ta juya za ta tafi. Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi na wurga sifanar ta ƙasa wajen ƙofa. Ta bi siminti ta daki ƙarfen. Takalmin ya tsaya. Na ji nishinta tana durƙusawa da waɗannan gwiwoyin nata, ta leƙo ta ƙasan ƙofa, ta hango ƙafafuna.

"Innalillahi! Ya waladi, ɗana, kada ka mutu, ina zuwa!"

Lungun ba maza, kowa yana wajen aikin Hajji. Daga baya aka ba ni labari cewa da sandarta ta ja jiki har babban titi, ta tsaya a gaban wata tankar ruwa ta ƙi matsawa. Direban da abokin aikinsa, 'yan Pakistan, suka biyo ta, suka ɓalle ƙofar, suka kira motar asibiti, suka sa jak ɗin tankarsu suka ɗaga. Ita kuwa ta zauna a ƙasa cikin baƙin mai, ta jiƙa gefen mayafinta tana goga mini a leɓe. Na ce mata ina azumi. Ta ce in yi mata shiru in sha. Hanyoyi a rufe suke saboda alhazai, motar asibiti ta daɗe, ita kuma ba ta saki hannuna ba har aka ɗauke ni.

Ƙashin ƙuguna ya karye, yatsu biyu na hannun hagu sun mutu. Matata sai ranar Sallah ta iso asibiti, mafi yawan hanyar a ƙafa saboda cunkoso. Ta tsaya a kaina ta daɗe, ba ta ce ai na gaya maka ba, har yau ba ta faɗa ba. Na yi watanni a kwance ana juya ni. Da yayana ya tambaye ni yadda za a yi da motar, na ce a yanka ta. Da walda aka daddatsa ta, aka fitar da ita gunduwa-gunduwa aka mayar tashlih. Na zaci zan ji baƙin ciki, sai na ji kamar an sake ɗaga mini wani nauyin. Yanzu ina ɗingishi, ba na iya kwanciya ƙarƙashin bas, ina zaune a shagon kayan gyara ina miƙa wa wasu abin da za su ɗaura.

Ban ce sha'awar haɗa mota laifi ba ce, har yanzu in na ga mai kyau nakan tsaya. Amma na koyi cewa in ka gane abu ba zai kai ka ko'ina ba, jin kunyar mutane bai isa ya sa ka ci gaba ba, don su dariyar kwana biyu za su yi su manta, jikinka da iyalinka ne za su biya. 'Yan'uwana masu aikin hannu, kada ku amince wa bulo da ranku, kada ku shiga ƙarƙashin mota ba kowa a gida, kada ku kulle ƙofa a kanku. Kuma ku kiyaye haƙƙin maƙwabci, kada ku gajiyar da kunnensa har ya daina jin ku. Ni kam, da a ce tsohuwar nan ta ƙara haƙuri da ni na yini ɗaya kacal, da yayana ne zai haura katanga ranar Sallah ya tarar da gawata.